Ranar da Baba Wayyo Ya Yi Shiru

A makarantar da soja ke horar da likitocinsu akwai wani tela. Shagonsa na bayan ɗakin ajiyar magani, dab da famfo. Keken ɗinki ɗaya gare shi, mai feda, sai benci, sai wani madubi da ya tsage ta gefe. Duk wanda ya tsaya gabansa sai ya ga kafaɗar rigarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, tela ya ce laifin madubi ne, kuma wani lokacin gaskiya yake faɗa. Aikin da aka ɗauke shi dominsa shi ne rage wando, dasa maɓalli, da facin zanen gadon ɗaukar marasa lafiya. Amma ba da wannan aka san shi ba. Ka samu duk likitan da ya fita daga makarantar nan, ko ya zama kanar, ko furfura ta gama da kansa, ka ce masa "tela", sai ya yi ta lalube. Ka ce "Baba Wayyo", sai ka ga ya ajiye abin da ke hannunsa.

Yana saurayi soja ya so shiga. Ya je wajen ɗauka, aka sa su cire takalma, wani kofur ya dubi tafin ƙafarsa ya ce a shimfiɗe yake kamar faranti, ya koma gida. Wata shekarar ya sake zuwa da ƙafar nan dai, tun da ba shi da wata. Daga ƙarshe ya shiga barikin ta ƙaramar ƙofa da kan keken ɗinki a kafaɗa, ya ce tun da an hana shi sa kaki, to ba mai sa shi sai ya bi ta hannunsa.

Ɗaliban makarantar 'yan koyon likita ne kamar na ko'ina, sai dai su bayan karatun asibiti akwai fareti, akwai gudu da kaya a baya, kuma kafin a maƙala wa mutum anini a kafaɗa ya zama hafsa, sai ya ci jarrabawar fili. Filin na bayan makaranta, a tsakiyarsa akwai gawar wata babbar mota da ba ta da taya ko ɗaya. A zuba mutane kewaye da ita, a shafa musu jan rini, a tayar da hayaƙi, a busa usur. Ɗalibi ya shigo da masu ɗaukar gado a bayansa, aljihunsa cike da ƙyallaye: ja na wanda za a ɗauka yanzu-yanzu, rawaya na wanda zai iya ɗan jira, kore na wanda kukansa ya fi ciwonsa. Manjo, likitan da ke kula da horon, yana tsaye a gefe da agogo a hannu.

Kowace shekara Manjo kan faɗa musu magana guda: "A asibiti an koya muku wanda ya kira ku, ku je. A nan ku manta da wannan. Mai ihu yana da iska a ƙirji, yana da jini a ka, har ƙarfin zaginku yana da shi. Ku nemi wanda ya yi shiru."

Kowa ya ji, kowa ya rubuta, kowa ya gane. Sai fa an busa usur.

Wata safiya masu kwanciya a matsayin masu rauni suka yi kaɗan, Saje mai shirya fili ya leƙa shago ya jawo tela da tef ɗin awo a wuya. Ya shafa masa rini a gwiwar hannu ya ce, "Kwanta nan. Ƙujewa ce kawai, amma ka yi ta kuka." Abin da ya fito daga bakin tela ran nan, masu wanki a can ƙarshen bariki sai da suka bar wanki. Duk ɗaliban rukunin suka yi kansa, suka naɗe shi da bandeji tun daga yatsu har hammata, suka bar wanda aka ce jininsa na zuba a jikin mota. Manjo ya dubi agogo ya sanar cewa wancan ya rasu. Mamacin ya tashi ya kaɗe wando ya tafi shan shayi. Tun daga ranar tela ya samu suna, ya kuma samu aikin da ya fi so a duniya.

Ba ƙarfin murya kaɗai ba ne, kuma yana jin haushi in an ce haka. Ɗalibai ai ta shagonsa suke bi. Yana auna mutum yana jan shi da hira, kafin ya kai ga tsawon wando ya san wane ne mahaifinsa ya rasu, wace ce ta bar goyo a gida, wane ne ba ya son a raina shi. Ranar fili kowa da irin kiran da zai yi masa. Ya ce wa wani, "Ɗana, kamar ubanka nake, kada ka bar ni a nan." Ya ce wa wani, "Ashe kai ba likita ba ne, a kira min likita." In magana ta ƙi, sai ya cafki ƙafar wando, kuma ya san inda zai kama, domin shi ya ɗinke wurin da zare biyu. In ɗalibi ya faɗi ta dalilinsa, washegari shi zai fara yi masa jaje, ya dasa masa maɓalli ba a tambaye shi ba, ya ce, "Gara ka faɗi a hannuna da ka faɗi inda ake harbi." Yakan ce wannan shi ne bautar ƙasar da kofur ya hana shi.

Matarsa kuwa ba ta taɓa yarda cewa wasan kwaikwayo yake yi ba. Ta ce mutumin da in mura ta kama shi sai maƙwabta sun shigo dubiya, in allura ta soke shi sai ya yi wasiyya, me ya kwaikwaya? Gida kawai ya ɗauka ya kai fili.

A gidan nan Auta ta tashi. Ita ce ƙaramar 'ya'yansu, a ƙarƙashin keken ɗinki ta yi rarrafe, da guntayen kaki ta fara naɗe ƙafar benci tana ce mata sannu. Ta yi karatu, ta samu shiga koyon likita, sannan ta ce na soja take so. Uwar ta yi kuka, uban ya tafi ya duba tafin ƙafarta da kansa, ya ga da lanƙwasa, ya yi hamdala.

Kai dai Auta na da shi, malamanta sun shaida. Matsalarta ɗaya, ba ta iya wuce mai kuka. A atisayen gwaji, wanda aka yi ranar da ubanta ya je jana'izar wani abokinsa, wani kuku ne ya riƙe masa wuri. Kukun ko murya ba shi da ita, nishi kawai yake kamar mai ɗaga tukunya, amma Auta ta durƙusa gabansa tana ba shi haƙuri har lokaci ya ƙare. Manjo ya kira ta a gaban kowa ya ce in ta maimaita haka ranar jarrabawa, babu anini. Abokan karatunta za su fita hafsoshi, ita ta sake shekara, ta riƙa ƙame wa waɗanda ita ta koya wa karatu.

Labari ya iske Baba Wayyo a kan keke. Ya ɗinke aljihun wani wando ruf bai sani ba. Da ya farfaɗo sai ya sa hularsa ya nufi ofishin Manjo.

"Yallaɓai, bana ina neman a ɗauke min fili. Maƙogwarona ba daɗi."

"Da safe na ji ka kana kiran mai gyaran famfo daga nan har bakin ƙofa."

"To ƙafata ce."

"Kwanciya za ka yi, Baba, ba fareti ba." Manjo ya cire tabarau ya dube shi. "Na san 'yarka ce. Shi ya sa ma nake son ka. Ran da za a kai ta inda ake yi da gaske, wanda zai kira sunanta ba baƙo ba ne, wanda suka ci abinci tare ne da safe. In ta iya wuce ka, ta iya wuce kowa."

"In kuma ba ta iya ba fa?"

"Sai ka dasa mata maɓalli."

Ya fito yana cewa a ransa ashe haka maganar nan take da ɗaci in daga bakin wani ta fito. Ba halin ya ja kunnen Auta, domin makonnin ƙarshe ɗalibai a tantuna suke kwana, ba shiga ba fita. Da la'asar ya koma gida ya samu matarsa tana ninke kayan shanya, ya zauna bakin ƙofa ya zayyana mata.

Ta ce, "To ka yi aikinka mana."

"Aikina fa kayar da mutane ne. Kin san yarinyar nan. In na ce wayyo sau ɗaya, ko a wane gari take sai ta zo."

"Ni da na yi shekaru ina ji, ka ga ina zuwa?"

"Ke ai zuciyarki daban ce."

"Da can ba haka take ba, kai ka horar da ita."

Dabara ta riga ta faɗo masa, amma ya ɓoye ta, domin ya san in ya faɗa za ta huda masa ita. Dabarar mai sauƙi ce. Manjo ya ce ya kwanta, zai kwanta. Amma ba mai iya buɗe bakin mutum da ƙarfi. Zai yi shiru kamar dutse, Auta ba ta ji shi ba balle ta zo, ta je ta yi aikinta. In an tambaye shi ya ce hayaƙi ne ya shaƙe shi. Mutumin da ya ji jawabin Manjo sau da yawa har ya iya maimaita shi da muryar Manjo, bai taɓa kawowa a ransa cewa jawabin ya shafe shi ba. Shi a saninsa na ɗalibai ne.

Ranar jarrabawa da hantsi aka zuba su a fili. Saje ya shafa masa rininsa na kullum a gwiwar hannu, ya kwantar da shi a inuwar mota. Can gefe, jikin katanga, aka ajiye direban motar asibiti da jan rini malala a cinya. Shi ne mai babban rauni, aikinsa ya yi shiru, kuma ba a taɓa samun wanda ya kai shi iya wannan aiki ba, domin da ya kwanta barci yake yi. Aka tayar da hayaƙi. Aka busa usur.

Auta ta shigo da gudu, hular kwano ta ɗan yi mata yawa, masu gado biyu a bayanta. Ta tsaya kamar yadda aka koya mata, ta bi filin da ido. Ga mai nishi, ga mai kiran uwarsa, ga wani yana birgima fiye da yadda aka ce masa. Ta san ubanta na ciki, kowa ya sani, kuma ta kwana biyu tana shirya zuciyarta, tana maimaita wa kanta cewa ko me ya ce ba za ta waiga ba. Ta kasa kunne tana jiran abin da za ta ƙi ji. Ba ta ji shi ba.

Sai ta hango shi. Yana kwance rigingine, ido a rufe gam, leɓe a dantse, gumi na gangarowa ta bayan kunne. Gumin na wahalar riƙe baki ne, amma wannan ba a rubuce yake a goshinsa ba. Abin da Auta ta gani shi ne dattijo mai hawan jini, wanda ta sha faɗa da shi kan shan magani, wanda tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin ya yi shiru ido biyu ba, ga shi a ƙasa ba motsi. Manjo ya ce a nemi wanda ya yi shiru, zuciyarta ma haka ta ce, karo na farko da su biyun suka yi baki ɗaya. Ta tsallake ƙafafun direba ta yi kan ubanta.

Ta durƙusa ta kama wuyan hannunsa. Jijiya na bugawa kamar keken da aka sake wa feda.

"Baba. Baba, buɗe ido. Ƙirjinka ne?"

Ya buɗe ido ɗaya, ya ga fuskarta a inda bai kamata ta kasance ba. Ta tsakanin haƙora ya ce, "Tafi."

"Ka sha maganinka da safe? Hannunka na hagu, kana jin sa?"

"Na ce ki tafi, ja'ira. Taimakonki nake."

Ba ta ji ba, ta riga ta fara ɓalle masa maɓallan riga tana kiran masu gado. Ta ƙarƙashin hammatarta ya hango Manjo ya ɗaga agogo kusa da fuska, ya hango direba jikin katanga yana zubar da jinin ƙarya ba mai kallonsa. A nan jawabin nan na kowace shekara ya iso kunnen Baba Wayyo, a makare, amma ya iso.

Ya ja iska har sai da maɓallin da ya rage ya tsinke, sannan ya kwarma ihu.

Waɗanda suke wurin sun ce tsuntsayen da ke kan mota tashi suka yi. Mai birgima ya daina birgima. Direba ya farka, ya tuna shi a sume yake, ya koma. Auta ta ja da baya ta zauna kan dugaduganta, ta dubi bakin nan a buɗe, ta dubi ɗan jan rinin gwiwar hannu, sai aka ga kafaɗunta sun sauka. Ta zaro koren ƙyalle ta ɗaura masa, ɗauri mai ɗan tsauri fiye da yadda ake bukata, ta miƙe.

To, a nan ne ya kamata ya sassauta, tun da bukata ta biya. Amma mutum da sana'arsa. Hannunsa da kansa ya kai ga ƙafar wandonta, wurin zare biyu. Ta sunkuya ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa masu gado, "Wannan zai iya tafiya da ƙafarsa," ta ruga wajen katanga.

"Auta. Ni ne fa. Ni da na goya ki kina zazzaɓi har asibiti, uwarki na baya da takalminki. Auta, waiwayo ki gan ni."

Ta yanke wandon direba da almakashi, ta zagaya ɗauri saman cinya ta murɗa.

"Na sayar da keke na biyu ranar da za ki tafi makaranta, ban faɗa wa kowa ba. Ko kallo ɗaya, 'yar nan. Ruwa kawai ki ba ni."

Ta ɗaura jan ƙyalle, ta ɗaga hannu, masu gado suka ɗauki direba. Ta wuce ga na gaba. Shekara da shekaru Baba Wayyo na ƙirƙiro marayu da tsofaffin iyaye don ya karya zuciyar 'ya'yan mutane, ran nan bai ƙirƙiri komai ba, kuma shi kansa bai san lokacin da ya daina son ta wuce ya koma son ta juyo ba. Ya yi ta kira har muryar ta dishe. Ƙeyarta kawai ya gani, da hular kwano tana rawa a kai, har aka busa usur.

Da azahar Manjo ya tara su a bakin tanti. Ya ce Auta ta ɓata lokaci a farko, saura ƙiris direba ya tafi shan shayi, amma ta gyara, ta ci. Sannan ya sa aka kira tela, wanda ya zo da riga ba maɓalli da koren ƙyalle har yanzu a hannu.

"Na daɗe a aikin nan, ban taɓa ganin tarko irin na yau ba," in ji Manjo. "Mutumin da kowa ke jiran ihunsa ya yi shiru. Kuma 'yar cikinsa ya yi wa, bai sassauta ba. Ku dube shi da kyau, wannan shi ne riƙon amana." Aka tafa. Baba Wayyo ya buɗe baki zai yi bayani, ba abin da ya fito sai iska. Manjo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Daga bana haka za ka riƙa yi wa kowane rukuni. Shiru tukuna, mai tsawo. Ihun kaɗan ya isa a ƙarshe."

Da yamma aka saki ɗalibai. Auta ta same shi a shago yana zaune kan benci ya juya wa ƙofa baya. Ta ajiye masa kofin ruwan ɗumi, ta zauna ta fara kwance ƙyallen, wanda ya ƙi kwantuwa sai da ta ɗauko almakashinsa.

"Baba, na ci fa."

Ya gyaɗa kai. Da wata 'yar murya kamar ta ƙyauren da ba a sa wa mai ba ya ce, "Na ji. Allah ya sa albarka." Ya kurɓi ruwa. "Ko sau ɗaya ba ki waigo ba."

"Ai kai ka ce in tafi."

"Wannan da farko ne."

"To da na waigo fa?"

"Da kin faɗi, da na yi fushi." Ya sake kurɓa, ya dubi gwiwar hannunsa inda rini ya bushe. "Amma da kin ɗan waigo."

Ta kama wuyan hannunsa tana duban agogonta har ta gama ƙirga bugun. Sannan ta tambaye shi maganar keke na biyu, ko gaskiya ce ko cikin aiki ne. Ya nuna maƙogwaronsa, ya girgiza kai, alamar likita ta gani da idonta, ba shi da bakin magana.